Ragowar Muryar Yaya Rifkatu

Tun da na dawo daga Amurka ba a bar ni na huta ba. A coci, a kasuwa, har a layin karɓar fansho, tambayar ɗaya ce: "Malama Hannatu, ya Amurka? Kin ga fadar shugaban ƙasarsu? Ina tsarabarmu?" Ni kuma sai in ce lafiya lau, in wuce. To na gaji da wannan lafiya lau ɗin, don ba gaskiya ba ce. Fadar shugaban ƙasa ta tagar mota na hango ta, ban ma tabbata ita ce ba. Abin da na gani da idona a Amurka shi ne ƙofar wani gida, da wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, da asibiti. Bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Yaya Rifkatu ita nake bi. Ta bar Jos da aikin nas tun ina kwalejin horon malamai. A gida kowa ya san ta da murya, ita ke ɗaukar waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Da ta je can sai muka ji labarin bayan aikin asibiti tana waƙa a wuraren shaƙatawa, wata irin waƙa wai ita jaz. Mama ta sa wa waƙar suna waƙar otal, aka rufe maganar. Baba har ya koma ga Ubangiji bai yarda ya saurara ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban taɓa tambayarta ba.

Wata rana ta kira ni, muryarta a dishe kamar mai mura. Ta ce, "Hannatu, kansa ce a maƙogwarona. Za su cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya. Likita ya ce zan rayu, amma magana ta ƙare. Ki zo. Ki taho mini da acca." Haka ta faɗa, babu kwana-kwana. Na ce wane irin likita ne wannan da zai dubi mara lafiya ya zazzage mata komai a fuska? Ta ce haka suke yi a can. Mu kuwa a nan muka yi irin tamu, muka gaya wa Mama 'yar ƙaramar tiyata ce. Ta tsufa, idanu sun tafi, muka ce kada mu tayar mata da hankali.

Neman biza ya kai ni Abuja. A Hawan Kibo muka tarar da tirela ta kife, muka yi zaman dirshan a mota har ƙafafuna suka kumbura. A ofishin jakadanci wani mai kwat da ke gabana aka hana shi, ya fito yana share gumi. Da na isa gaban gilashin, matar da ke ciki ta tambaye ni me zai sa ta yarda zan dawo. Na ce mata ina da tsohuwa makauniya a gida, in ban dawo ba wa zai yi mata wanka? Ta dube ni, ta karɓi fasfona.

A jirgi na zauna kusa da wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi. Daga ganin ɗankwalina ya shiga kirana Hajiya, ni kuma ban gyara masa ba, don shi ya nuna mini yadda ake kwantar da kujera, kuma shi ya ja ni har ƙofar jirgi na biyu a ƙasar da muka sauya, lokacin da na ɓata ina ta zagaye wuri ɗaya. Abincin jirgi ban iya ci ba, sai burodin.

Da muka sauka, kafin in ga ko Bature ɗaya sosai, kare ne ya tarbe ni. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe aka zazzage kayana a kan tebur a gaban jama'a. Kilishin da na saya wa 'yar Yaya aka jefa a kwandon shara ina kallo. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya har ya buge kujera. Ita ma ta bi kilishi. Da ya zo kan acca na riƙe bakin ledar da hannu biyu, na ce masa wannan ta mara lafiya ce, ba ta iya haɗiye komai sai kununta. Ya zuba kaɗan a tafin hannunsa, ya kira wani suka yi shawara, sannan suka bar mini.

Keziya, 'yar Yaya, ita ta zo ɗaukata. Na gaishe ta da Hausa ta amsa da Turanci, haka muka yi ta yi har Landoba, unguwar da suke. Gidajen haya ne hawa-hawa, ga shagunan 'yan Afirka a bakin titi. Yaya ta buɗe ƙofa da kanta. Ta rame har na ga ƙasusuwan wuyanta. Ta rungume ni ƙam, amma ko sannu da zuwa ba ta ce mini ba. Na ce, "Yaya, ina wuni? Ya jiki?" Ta yi murmushi ta ɗora yatsa a bakinta.

Keziya ce ta yi mini bayani. Muryar da ta rage mata 'yar kaɗan ce, in ta yi magana da safe, da rana babu. Ko raɗa ba a so ta yi. Tana tattalinta ne domin tana naɗar waƙoƙi a situdiyo, tana so ta gama kafin ranar tiyata, ranar kuwa ba ta ɗaguwa don ƙarin da ke maƙogwaron girma yake yi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Wato na baro Mama, na ƙetaro teku, kare ya wulaƙanta ni, don ki hana ni gaisuwa ki ajiye wa waƙar otal?" Ta ɗaga kafaɗa, ta nuna mini ledar acca, ta nuna kicin.

Zaman gidan sai da na koya. Ranar farko na sa manja a wuta, hayaƙi ya tashi, wani abu mai jin hayaƙi a rufin ɗaki ya ɗauki ƙara kamar za a tashi duniya, na fito da gudu ba ɗankwali. Ba maƙwabcin da ya leƙo. Mutumin da ƙofarsa ke kallon tamu na gaishe shi har na gaji, iyakarsa ya ɗaga gira. Yaya kuwa kunun acca kaɗai take sha, shi ma sai na tace shi ya zama ruwa-ruwa, kuma kowane cokali sai ta runtse ido kafin ya wuce.

Situdiyon a ƙarƙashin gidan wani mutum yake, a wata unguwa mai yawan itatuwa. Ana sauka ta matakala, ba taga, bango duk an lulluɓe da soso. Makaɗa uku ne. Babbansu Mista Kalbin, wani tsoho baƙar fata ɗan ƙasar, mai kaɗa fiyano, wanda suka daɗe suna aiki tare da Yaya. Sai wata 'yar siririyar mata mai kaɗa wani ƙaton abin tsirkiya da ake tsayarwa a ƙasa, ya fi ta tsayi, bes suke ce masa. Sai mai ganguna, wanda maimakon ya doke su sai ya riƙa shafa su da wasu 'yan tsintsiyoyin waya. Mai gidan shi ke zama bayan gilashi yana ɗaukar sauti, ni kuma aka ba ni kujera kusa da shi.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne ba wanda ya tambaye ta jiki. Mace ta shigo tana tangaɗi, Mista Kalbin ya taɓa kafaɗarta kawai ya koma kujerarsa. Na ce a raina waɗannan ba su da tarbiyya. Abincinsu ma a tsaye suke ci, burodi mai sanyi da ganye a ciki, kowa da nasa, ba mai cewa bismilla.

Mista Kalbin ne ya gaya mini irin waƙoƙin da suke naɗa. Turancinsa sai na kasa kunne sosai, duk da shekarun da na yi ina koyar da Turanci. Ya ce tsofaffin waƙoƙi ne tun na zamanin iyayensa, kowane mawaƙin jaz ya san su, ba mai cewa nasa ne. Gwanintar ita ce ka rera abin da kowa ya sani, a ji kamar yau aka fara jin sa. Na ce ashe kamar littafin waƙoƙinmu na coci. Ya ce haka Rifkatu ma ta ce masa ranar da suka fara haɗuwa. Kuma ba sa yin irin na situdiyon gida, inda yaro ɗaya da kwamfuta zai haɗa kiɗa a kawo mawaƙi ya ɗora murya daga baya. Su tare suke yi gaba ɗaya, in ɗaya ya kuskure a koma farko. Saboda haka kowane kuskure muryar Yaya yake ci, shi ya sa suke zuwa tun kafin mu iso su yi ta maimaitawa su kaɗai.

Da jar fitilar da ke nuna an fara ɗaukar sauti ta kama, Yaya ta matso gaban makirufo. Ban san me nake tsammani ba. Muryar da na sani a coci mai tashi sama ce, wannan kuwa ta sauko ƙasa, ta yi kauri, tana da tsaga a ciki. Ba ta bin kiɗan sau da ƙafa, sai ta ɗan makara, kamar mai ba da labarin da ba ta so ya ƙare. Mista Kalbin ba ya kallon yatsunsa, kafaɗunta yake kallo. In ta ja numfashi sai su jira ta, su ukun, in numfashin ya gaza sai ya cike gurbin da fiyano yadda ba za ka ce akwai gurbi ba. Na yi kuka a kujerar nan har mai ɗaukar sauti ya miƙo mini takardar share hanci. Na ji haushin Baba, na ji haushin kaina. Shekara da shekaru 'yar'uwata na yin wannan abu, mu muna can mun toshe kunne.

Waƙa ɗaya ake samu a zama, in an yi sa'a biyu, daga nan murya ta rufe mu koma gida. A hakan da an gama lafiya, ba don labari ya bazu a cikin mutanenmu ba.

Ranar Lahadi bayan sujada gida ya cika. Nas-nas abokan aikinta, 'yan Kaduna da 'yan Filato, wasu daga Mishalbil inda masu hali suka sayi gidaje, har da wani Alhaji injiniya ɗan Kano da matarsa, sun kawo fura a kula. Mutanen kirki, wasu daga wurin aiki suka wuto ko barci ba su yi ba. Kowa ya shigo sai ya durƙusa kusa da ita.

"Sannu Anti. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin."

"Ya Keziya? Ya su Mama a gida? An ji daga gare su?"

In mutum goma suka shigo tare, sau goma za a yi, don ba mai yarda gaisuwar wani ta wakilci tasa. Ni kuma ina ta murna ina raba ruwa, ina cewa yau na ga mutane. Washegari a situdiyo Yaya ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska.

Mista Kalbin ya rufe fiyano a hankali, ya ja ni zuwa matakala. Ya ce, "Mutanenku suna ƙaunarta, na sani. Amma cinye ta suke yi. Kin ga mu ba ma tambayarta jiki? Ba don ba mu damu ba ne. In na tambaye ta dole ta amsa." Kunya ta kama ni. Ya ce daga yau ni ce bakinta.

Haka na zama mai gadin ƙofa. Duk wanda ya zo in tare shi, in ce jiki da sauƙi, ta gode, ga ta can ku ɗaga mata hannu. Mutane suka ji zafi. Wata ta ce a gabana, "Ikon Allah, baƙuwa daga zuwa ta ƙwace gida." Wani ya ce ai Rifkatu ta daɗe da zama Baturiya. Kafin mako ya zagayo sun sa mini suna Imigireshan. Na haɗiye, don waƙoƙi sun ci gaba da shiga ɗaya bayan ɗaya.

Aka gama duka sai guda. Yaya ta bar ta ƙarshe da gangan, don ita ce mafi wuya, mai tafiya a hankali, mai cin numfashi. Waƙar wata ce da ta bar gidan da ta tashi a ciki da alkawarin dawowa. Ta rubuta mini a wayarta cewa wannan ta Mama ce, in Mama ta ƙi sauran, wannan za ta ji. Zaman ƙarshe ya faɗo ana gobe tiyata. Kwana biyu kafin nan ko tari Yaya ba ta yarda ta yi da ƙarfi ba.

Da hantsi a ranar, muna shirin fita, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga matan zumuntar coci cike da baranda, sanye da zanensu iri ɗaya, a gabansu wata tsohuwa ta dafa ƙarfen tafiya da hannu biyu. Mama Saratu ce, ƙawar Mamarmu tun suna 'yan mata. Ita ta sauki Yaya a gidanta lokacin da ta zo ƙasar ba ta san kowa ba. Daga Sifirinfil aka ɗauko ta, can jihar Bajiniya, kuma an ce ta daɗe ba ta fita ko coci. Na zube a ƙasa na gaishe ta, na shiga yi mata bayani, ina roƙo.

Ta bari na gama, ta ce, "'Yata, na ji sunan da aka sa miki. Ba wurinki na zo ba. Yarinyar nan a ɗakina ta kwana shekara biyu, da bakin nan ta kira ni Mama. Gobe za a yanke shi. Ni kuma ba na jin zan ga wata shekarar. Ki matsa in ji ta kira ni."

Ban matsa ba. Sai na ji hannu a kafaɗata. Yaya ce. Ta janye ni gefe, ta durƙusa har ƙasa a gaban tsohuwar, ta ce, "Mama, sannu da zuwa. Kin kwana lafiya? Ya ƙafar?" Ta yi gaisuwar nan cikakkiya, ba ta rage komai ba. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya. Aka zauna aka yi addu'a, kowace addu'a da amin ɗinta. Ina tsaye jikin bango ina kallon agogo. Da aka rufe addu'a, Mama Saratu ta ce, "Rifkatu, ɗauka mana waƙa ɗaya, irin ta gida."

Yaya ta dube ni. Na girgiza kai. Ta juya ta ɗauka.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin abu mai daɗi kamar wannan ba. Ta ja baiti suna amsawa, har ƙarshe, tsohuwar na kuka tana kaɗa kai. Kuma a ƙasar da ake ɗaukar hoton ko abincin da za a ci, ba wadda ta ɗaga waya, duk idanu a rufe suke. Ni ma ban tuna ba sai da aka gama.

A situdiyo makaɗan na zaune suna jira. Jar fitila ta kama. Layin farko ya fito, a na biyu muryar ta tsage. Aka koma farko. Mista Kalbin ya sauke kiɗan ƙasa, ta gwada, kalma biyu suka fito. Ya ƙara saukewa. Ta sha ruwan ɗumi, ta dafe wuya, ta buɗe baki, babu komai. Mai bes ta juya fuskarta bango. Ba wanda ya tambaye ni me ya faru, kuma na fi so da sun zage ni.

Mista Kalbin ya ɗora yatsunsa a kan fiyano, ya ce, "Rifkatu, tsaya a wurinki. Ki rera ta a cikinki. Mu za mu bi ki." Suka fara. Ta tsaya gaban makirufo, leɓɓanta na motsi, kafaɗunta na tashi suna sauka, su kuma suna jiran numfashinta kamar kullum. Wannan karon bai cike gurbin da fiyano ba, ya bar mata wurinta a buɗe tun daga farko har ƙarshe.

Da kiɗan ya mutu ɗakin ya yi tsit. Mai ɗaukar sauti ya danna abin maganar da ke kai murya wurinsu zai ce wani abu, na riga shi. Ni da na yi makonni ina korar mutane a bakin ƙofa, sai na ji bakina ya ce, "Sannu Yaya. Ya jiki?" Ta ɗago ta dube ni ta gilashin, ta yi murmushi, ta tattaro abin da ya rage.

"Da sauƙi."

Fitilar ba ta mutu ba tukuna. Waɗannan su ne kalmominta na ƙarshe, don daga nan har aka shiga da ita ɗakin tiyata ba ta ƙara iya furta komai ba.

Likitoci sun ce an yi nasara. Ta farfaɗo da rami a wuya, ta nan take numfashi. Na zauna har ta fara cin abinci mai laushi, na koyi wanke ramin, na koya wa Keziya dama kunun acca. Masu dubiya suka ci gaba da zuwa, yanzu ba mai hana su, ta ɗaga musu babban yatsa. Mama Saratu ba ta sake fitowa ba. Ana gobe zan taso Mista Kalbin ya kawo mini waƙoƙin, Keziya ta zuba mini a waya. Ya ce mai ɗaukar sauti na tambaya ko a yanke 'yar maganar da ke ƙarshe, me take nufi? Na fassara masa. Ya ce, "Ko da mutum na mutuwa haka yake cewa?" Na ce ko da yana mutuwa. Ya ce a bar ta.

Dawowa ba abin da ya faru, ko kare bai kula ni ba. Na iso Jos da yamma na tarar da Mama a kan tabarmarta a tsakar gida. Bayan ta shafa fuskata ta tabbatar ni ce, na kunna mata. Ta saurari waƙoƙin fuska a ɗaure, can ta ce, "Ita ce waƙar otal ɗin? To ai ba ta da hayaniya." Da aka zo ta ƙarshe na ce mata wannan taki ce. Kiɗa ya yi ta tafiya. Ta ce, "Ina Rifkatun?" Na ce tana ciki, Mama, ki kasa kunne. Ta karkato kai, sai ga numfashin, yana shiga yana fita. Sai muryata. Sai tata.

Fuskar Mama ta washe. Ta ce, "Mun gode wa Ubangiji. Tun da da sauƙi, kira mini ita in ji daga bakinta."

A nan na gaya mata komai, yadda likitan can ya gaya wa Yaya, babu kwana-kwana. Ba ta yi kuka ba. Ta murza bakin zanenta, sannan ta ce in mayar mata da wurin. Na mayar. Na ji kaina ina tambaya, na ji Yaya ta amsa.

Mama ta matso da bakinta kusa da wayar ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, 'yata." Sannan ta karkata kunne tana jiran amin.